Mainasara Mai Tsaga Jabun Liyari

Mainasara bai taɓa karɓar abu daga hannun mutum ya jefa aljihu ba tare da ya juya shi ya dubi bayansa ba. Ko goro ka ba shi, sai ya fasa ya leƙa ko akwai sankara kafin ya ce an gode. In ka ce masa jiya an yi ruwa a Bukkuyum, ba zai ƙaryata ka ba, amma sai ka ga idonsa ya sauka kan takalminka yana neman taɓo. Mutanen Gummi sun san shi da wannan hali, sun yi tsegumi har sun gaji, sun kuma haƙura da shi, domin halin da ya sa zama da shi ke da wuya shi ne dai ya sa ba su iya yi sai da shi.

Maƙerin fari ne, wato ba ruwansa da fartanya ko gatari. Aikinsa azurfa: zobe, awarwaro, da kwalliyar kitson matan Fulani. Rumfarsa na gefen kasuwa, daura da inda masu nono ke sauke ƙorai, kuma a nan ubansa ya zauna kafin shi. Gajere ne, siriri, idonsa na hagu ya ɗan ƙanƙance saboda shekara da shekaru yana kanne shi wajen duban ƙananan abubuwa. Ƙirarsa ba laifi, amma a faɗi gaskiya, ko a cikin garin akwai waɗanda suka fi shi hannu. Abin da ba wanda ya kama ƙafarsa a kai shi ne gane jabun liyari.

Yaran yanzu ba su san liyari ba. Tsohon kuɗin azurfa ne, faffaɗa, mai nauyi, da kan wata mace mai ƙiba a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Tun kafin Mainasara ya yi wayo aka daina saye da sayarwa da shi, amma darajarsa ba ta faɗi ba. Ya koma kitson matan Fulani da wuyansu, ya koma ƙasan adaka, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Inda kuwa abu ke da daraja haka, ba a rasa ɗan Adam ɗin da zai zauna ya zuba dalma ko tagulla a kamanninsa, ya wanke da ruwan azurfa, ya bi rugage da shi lokacin da maza suka fita kiwo.

Mainasara na da wani baƙin dutse mai santsi da ubansa ya ɗauko daga gulbi. Duk liyarin da aka kawo masa, sai ya riƙe shi da yatsu biyu, ya sake shi bisa dutsen, ya karkata kai. Azurfar gaske takan yi wani siririn kuka mai tsawo, ya daɗe yana bin iska bayan kuɗin ya kwanta. Dalma tim take yi ta yi shiru, tagulla kuma ta yi ƙara amma gajeriya. Yana da sikeli, yana da magagarin goge ƙarfe, ya kuma san yadda ake bin bakin kuɗin da farce a ji rubutun da ke kewaye da shi, amma duk waɗannan ya ɗauke su aikin masu koyo. Sau ɗaya yake sakin liyari. Yakan ce wanda ya saki sau biyu bai san abin da yake saurare ba.

In ya ce azurfa ce, magana ta ƙare, mai saye ya saya hankali kwance. In kuwa ya ce jabu ne, ba ya neman izinin kowa. Nan take yake ɗora shi bisa uwar maƙera, ya saita kurfi, wato ƙarfen da ake yanka ƙarfe da shi, ya buga masaba, kuɗin ya rabu biyu, kowa ya ga baƙin cikinsa ko jan cikinsa da idonsa. Sai ya miƙa wa mai shi rabi ya je ya nuna a gida, shi kuma ya jefa ɗaya rabin cikin wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin buzunsa. Dalilinsa shi ne, jabun da aka mayar wa mai shi lafiya lau, gobe a wuyan wata baiwar Allah zai kwana. An zage shi a kan haka, an yi masa Allah ya isa, wani Bafillace ma ya taɓa ɗaga masa sanda. Abin da ya tsare shi duk tsawon shekarun nan abu ɗaya ne: shekara talatin da 'yan kai yana tsaga kuɗin mutane, bai taɓa tsaga na gaske ba. Ba gona gare shi mai yawa ba, ba sarauta, ba karatu mai zurfi. Wannan shedar ita ce duk abin da ya mallaka, ya kuwa san ranar da ta karye ya zama maƙeri kamar kowane maƙeri, kuma mai baƙin jini a cikinsu.

Ba liyari kaɗai ke cikin gwangwanin ba. Akwai jabun sule, akwai jabun fataka, har da rabin wani kuɗi da ya zama abin labari a garin. Wani alhaji mai shagon yadi ne ya dawo da shi daga aikin hajji. Na tagulla ne, da huda mai kusurwa huɗu a tsakiya, da rubutu kamar sawun kaji, duk jikinsa ya yi kore shar. Wanda ya sayar masa a Jidda ya rantse kuɗin ƙasar Sin ne, ya haura shekara dubu. Alhaji ya kawo shi rumfa ne don a yaba, ba don a duba ba. Mainasara ya sansana shi, ya lashi babban yatsansa ya murza, sai ga koren ya biyo yatsa, yana warin fenti.

Ya ce, "Alhaji, ban san kuɗɗin Sin ba, ban ma san inda Sin take ba. Amma na san tsatsa. Tsatsar shekara dubu ba ta biyo yatsa."

Kafin Alhaji ya haɗa bakinsa kurfi ya sauka, cikin kuɗin kuwa yana walƙiya kamar jiya aka zuba shi. Shekara guda cur Alhaji bai amsa gaisuwarsa ba, shi kuma Mainasara ko a jikinsa.

Wajen shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, azurfa ta yi tsada irin wadda ba a taɓa gani ba. Sai ga baƙi sun fara shigowa daga birane suna bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya. Mainasara bai so ko ɗaya daga cikinsu ba, amma wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Surajo, wani Bakano mai fara'a da yawan gaisuwa, mai jakar fata a kafaɗa. Laifin Surajo na farko shi ne yawan murmushi. Na biyu kuwa, wata rana ya durƙusa bakin rumfa ya nemi abin da ba wanda ya taɓa nema.

Ya ce, "Baba, wannan gwangwanin naka nake so ka sayar mini."

Mainasara ya ce, "Mi za ka yi da jabu?"

"Akwai Turawa da 'yan boko masu tara tsofaffin kuɗi. Har jabun suke ajiyewa. Sai su ware masa akwati daban, su rubuta a jiki cewa jabu ne, suna gwada shi da na gaske don idonsu ya buɗe. Wani jabun ma in ya tsufa yana da nasa masoya."

Mainasara ya dube shi daga hula har takalmi. A ransa ya ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mutum da hankalinsa ya taso tun daga Kano ya biya kuɗin mota don ya sayi dalma? A fili kuwa ya ce, "Ni dai na san banza ba ta kai zomo kassuwa. In ba ka su, ka kai a liƙe, a wanke, su komo min nan cikin kitson Hillani."

Surajo ya yi dariya ya ce, "Rabi-rabi ne fa, Baba. Wa zai haɗa rabin wannan da rabin wancan?"

"Wanda yay yi na hwari shina iya na biyu. Tashi ka ban wuri."

Surajo bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara masa laifi. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya gaishe shi, ya tambayi gwangwani cikin raha, Mainasara kuma ya ƙara tura shi ƙarƙashin buzu da dunduniya.

A cikin waɗannan shekarun ne wani abu ya fara faruwa wanda kowa a gidan ya lura da shi ban da mai shi. Saude, matarsa, wadda suka tsufa tare kuma ita kaɗai ke iya faɗa masa magana ta kwana lafiya, ta ga sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Rediyon da yake jin labarai da safe ya fara damun maƙwabta. Wata rana da hantsi ta aje masa kunu ta ce, "Malam, kunnenka ya hwara nauyi. Ka bari a kai ka a diba."

Ya ce, "Ke ka magana ciki-ciki awa mai cin tuwo. Kunnena lahiya lau shike."

Daga nan ya shiga zargin duniya. Batirin yanzu ba shi da ƙarfi. Ladanin unguwa ya zama rago. Mutane sun koyi raɗa in sun gan shi, wanda ke nuna da shi suke. A kasuwa kuma an kafa injin niƙa ba nisa da rumfarsa, ya tabbata a ransa da gayya aka yi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Aiki bai tsaya ba, domin ido da hannu na shekara talatin suna rufa wa kunne asiri, amma ya fara jin kukan azurfa na zuwa masa daga nesa, kamar daga bayan katanga.

Sai shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu. Garke-garke suka ƙare a daji, matan Fulani suka shiga kwance azurfar kansu suna kawowa kasuwa, masu jabu kuma suka samu ruwan da za su yi wanka. A tsakiyar wannan ne Surajo ya zo wata ranar kasuwa da azahar, lokacin da rumfar ba kowa, ya ciro wani liyari mai kyau daga jakarsa ya ce Baba ya duba masa.

Mainasara ya sake shi bisa dutse. Injin niƙa na ta ruri. Ya ji wani abu, amma bai iya cewa dogo ne ko gajere ba. A karo na farko tun yana saurayi hannunsa ya so ya sake ɗauka ya saki, sai ya ɗaga kai ya ga Surajo na kallonsa. Ya juya kuɗin, ya ga kan macen ya fito sosai, har ƙananan duwatsun da ke kafaɗarta ba wanda ya ɓace. Ya miƙa masa ya ce, "Azurhwa ta."

Surajo ya ɗauki magagarin da ke gefe ya goga bakin kuɗin sau biyu, ya juya masa wurin. Ja ne wur.

Ya sassauta murya ya ce, "Irin da ake yi yanzu ke nan, Baba. Na kawo ne ka gani don ka yi hattara. Ba wanda zai ji daga bakina."

Mai yiwuwa ne iyakar nufinsa ke nan, domin har ya bar zuwa Gummi ba a taɓa jin maganar a bakin kowa ba. Amma Mainasara ba haka ya ɗauka ba. Shi abin da ya fahimta shi ne an kama shi a hannu, kuma an gaya masa an kama shi. Yau an gwada shi ba kowa, gobe za a gwada shi gaban jama'a, sa'an nan a zo a ce ya ba da gwangwani ko a fasa ƙwai. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka ɗaga masa sanda. Kwana bakwai yana wanke dutsensa da toka, wai ko maiƙo ne ya dushe shi. Ya ƙudura a ransa cewa daga yau duk liyarin da bai yi masa kuka sarai ba, kurfi ne rabonsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da hantsi motar Bukkuyum ta tsaya, Mainasara na hange daga rumfa, sai ya ga Surajo ya diro, ya juya ya kama hannun wata tsohuwa ya sauko da ita, ya miƙa mata ƙullinta. Suka taho tare suna magana har bakin layin maƙera, sa'an nan Surajo ya ratse ya zauna a bencin telan da ke kallon rumfar.

Tsohuwar ba baƙuwa ba ce. Goggo Turai ce, daga wata ruga kusa da Adabka. Ta fi shekara ashirin tana kawo masa gyara, kuma ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, ko ɗan man shanu a kwalba ko ƙwan zabi. Yau kam ba ta riƙo komai ba sai ƙullin, ta kuma rame har wuyanta ya yi tsawo. Bushiya ta share garken ɗanta Sambo, sai 'yan shanu uku da Allah ya bar musu. Duk wannan Mainasara ya sani. Amma abin da ya gani shi ne hannun Surajo a hannunta, kuma ya san yunwa ba abin da ba ta sa mutum.

Suka gaisa, ta zauna bakin tabarma. Mata masu jiran aiki huɗu ko biyar suka matsa mata. Ta kwance bakin zanenta a hankali, ƙulli cikin ƙulli, ta fito da liyari guda. Ya yi baƙi saboda man kitso da hayaƙi, kan macen ya side har hancin ya kusa ɓacewa, ɗan zoben da ake zura zare a ciki kuma ya karye.

Ta ce, "Maƙeri, zobe nika so ka sa mai sabo. Jikata Dija za a kai ɗaki bayan kaka. Na so in ba ta karsana, Allah bai nuhwa ba. Wanga ɗai yar rage. Na innata na, ita ma innarta tab ba ta."

Ba ta ce a duba shi ba. Gyara ta kawo. Amma hannun Mainasara ya riga ya ɗauka ya saki bisa dutse.

Kuɗin ya yi kuka. Ya yi siririn kukan nan mai tsawo har telan da ke tsallake ya ɗaga ƙafa daga kekensa, matan da ke rumfar suka dubi juna suna gyaɗa kai. Duk wanda ke wurin ya ji, sai mutum ɗaya. Shi tim ya ji, da wani ɗan abu can baya wanda bai san ko a dutsen yake ko a cikin kansa ba.

Goggo ta yi murmushi ta ce, "Ka ji shi ko? Ni na tsuhwa, shi muryatai ba ta tsuhwa ba."

Wannan maganar ita ta ƙarasa shi. A ransa ya ce, ga ta nan, har an koya mata abin da za ta faɗi. Ya saci kallon bencin tela, ya ga Surajo ya miƙo wuya yana kallo. Baƙin nan da sidewar nan ma ai ana iya yinsu, in har ana iya shafa wa tagulla kore a ce ta shekara dubu. Sikeli na nan dab da gwiwarsa, magagari na kusa da hannunsa, ko wanne ya ɗauka da cikin numfashi biyu an gama magana. Amma ɗaukar sikeli gaban Surajo daidai yake da ya tashi tsaye ya yi shela cewa kunnensa ya mutu.

Ya ce, "Goggo, wa yab ba ki wanga?"

"Na hwaɗa maka, na innata na."

"Mi anka ce za a ba ki in kin kawo min shi?"

Murmushin ya bar fuskarta. Ta dube shi kamar ba ta gane yaren ba. Kafin ta ce wani abu ya ɗora kuɗin bisa uwar maƙera ya saita kurfi. Wata daga cikin matan ta ce, "Baba, ai ya yi kuka!" Ko bai ji ba, ko ya ji ya ƙi, Allah masani. Goggo ta miƙo hannu, masaba ta riga ta. Dalma bugu ɗaya take rabuwa. Wannan sai da ya buga sau uku, kuma tun a bugu na biyu hannunsa ya gaya masa abin da yake tsagawa, amma aikin gama ya gama.

Ɓari biyu suka faɗi kan tabarma. Cikinsu fari fat kamar kindirmo, daga wannan baki har wancan.

Mainasara ya ɗauki ɓari ɗaya ya kai kusa da ƙanƙantaccen idonsa, ya juya, ya sake juyawa, yana neman ko ɗigon ja guda da zai cece shi. Babu. Gumi ya keto masa har yana ɗiga daga gemu.

Goggo Turai ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki ɓarin da ke gabanta ta share shi da bakin zane. Sa'an nan ta dubi wanda ke hannunsa ta ce, "Maƙeri, wancan rabin naka na, ko in tahi da shi duka?"

Ya miƙa mata. Ya ce, "Goggo, bari in liƙa miki. Ina liƙe shi ba mai gane wurin."

Ta ce, "Wanda anka liƙe ba shi kuka." Ta ƙulle su a zane, ta tashi. Surajo ya taso ya bi bayanta ya raka ta tasha. Daga baya aka ji cewa a mota kawai suka haɗu, ya ga tsohuwa na fama da ƙulli ya taimaka mata.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, ya riga Mainasara isa gida. Ya shigo da dutsensa a hammata, abin da bai taɓa yi ba, ya aje shi tsakar gida. Ya ce wa Saude ta ɗauko liyarinta, wanda shi da kansa ya zaɓa ya sa mata cikin kayan aure. Ta ɗauko ba ta tambaye shi dalili ba. Ya sake shi bisa dutsen, idonsa na kan fuskarta.

Ya ce, "Ya yi?"

Ta ce, "Malam, ko maƙwabta sun ji."

Ya ɗauka ya sake saki, ya kuma saki, ya sunkuya har kunnensa na taɓa dutsen. Daga nan ya zauna a ƙasa. Saude, wadda ta yi shekara uku tana jiran ranar da za ta ce ai na faɗa maka, sai ta ga ba ta iya faɗi, tausayinsa ya kama ta har ta kau da kai. Da ya buɗe baki, roƙonta ya yi ta bar masa liyarin ya kai wa Goggo.

Ta ce, "Kai kab ba ni, ɗauki. Amma ka sani ba shi na na innarta ba."

Mainasara ya ƙara shekara shida a rumfar nan yana ƙira. Bai sake tsaga kuɗin kowa ba, kuma a hankali aka daina kawo masa dubawa, sai gyaran zobe da awarwaro. Mutanen Gummi sun yi masa kara, ba mai tada maganar a gabansa. In shi ya tada ta da kansa, ba ranar kasuwar yake ba da labari ba, tafiyar da ya yi kwana huɗu bayanta yake faɗi.

Ya sa wa liyarin Saude sabon zobe, mafi kyawun da ya taɓa ƙerawa. Ya hau mota zuwa Bukkuyum, ya samu mai babur ya kai shi Adabka, sauran kuma ya taka da ƙafa cikin gonakin dawa. Rana ta take ya isa rugar. Turakun shanu na nan jere, yawancinsu ba komai a ɗaure. Sambo ya tarbe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo masa ruwa, aka kawo ɗan nonon da ke akwai. Matan rugar suka tsaya nesa kaɗan suna kallo, Dija na cikinsu. Goggo ta fito ta zauna, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya, ba ta nuna masa komai a fuska ba.

Ya ce, "Goggo, na yi miki laihi, na kuma hwaɗa miki maganar da ba ta kamata ba. Ki gahwarce ni. Wanga na matata na. Ni niz zaɓe shi da kaina tun ina da ƙurciya, shekara talatin da bakwai shina hannunmu. Azurhwa ta tsantsa. A ba yarinya."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta duba zoben ta yaba, ta ce Allah ya yafe mu gaba ɗaya, ita ba ta riƙe shi da komai ba. Ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya kai hannu ga ƙwaryar nono. Sai ya ga ta juya ta miƙa wa Sambo liyarin, ta ce wani abu a hankali, Sambo ya sunkuyar da kai.

Mainasara ya karkato ya ce, "Na'am, Goggo?"

Goggo ba ta so ta maimaita ba. Amma baƙo ya tambaya, kuma ta san yanzu sai an ɗaga masa murya. Ta ɗaga, har matan da ke tsaye suka ji.

"Cewa niy yi, ran kassuwar Anka shi kai ma maƙeran can su diba muna shi."